Azumin Yaya Illa

Shekara da shekaru ina haɗiye maganar nan, yau na gaji da haɗiya. Ba don a ji tausayina na rubuta ta ba. Na rubuta ne saboda macen da Allah zai ɗora wa jinyar mai tarin fuka, ta ji abin da na aikata da hannuna kada ta bi sawuna. Karatun manya na yi da furfura a kaina, rubutuna ba na ƴan lakwal masu boko ba ne, a yi haƙuri da shi. Wanda kuma ya ga kansa a ciki ya ji zafi, ya san gidana, ina nan bakin tabkin Madarumfa inda nake bandar kifi.

Sunana Habsu. Mu biyu Inna ta bari a duniya, ni da yayana Illa. Inna ƴar Anna ce, wato mutanen ƙasarmu da suka riƙe tsafin kakanni ba su karɓi salla ba. Babanmu musulmi ne, a haka ya aure ta, a haka kuma ya bar ta, don shi mutum ne da ba ya son tashin hankali. Ba ta taɓa kai goshi ƙasa ba, amma duk azumi ita ke dama kunun da ake kai wa masallacin unguwa, kuma ba a taɓa maido mata da ƙwaryarta a cike ba. Baba ya riga ta rasuwa. Ranar da ita ta cika, ƙanen babanmu, limamin unguwa, wanda muke kira Baba Malam, ya tsaya a ƙofar gida ya ce ba za a yi mata salla ba, ba kuma za ta kwanta cikin musulmi ba. Waɗanda suka sha kununta suka sulale ɗaya bayan ɗaya. Yaya Illa yana da shekara goma sha biyar. Shi da Kawu Nomau, ƙanen Inna, su biyu rak suka naɗe ta a tabarma suka kai ta gindin kanya a ƙarshen gonarmu, yamma da gari. Ni ina da shekara tara, ina leƙensu ta ɓular danga.

Tun daga ranar Yaya Illa bai ƙara zama wuri ɗaya ba. Ya fara da karatun allo wajen Katsina har ya yi nisa, sai muka ji ya koma Kano ya shiga zawiya yana wazifa. Ba a yi shekara uku ba aka ce an gan shi wurin ƴan mishan yana koyon boko yana rera waƙoƙinsu. Wannan labari ne ya sa dangin matarsa suka zo suka kwashe ta da kayanta, ba ta kuma dawo ba. Daga baya ya bi manyan motocin gyaɗa har bakin teku, ya dawo da labarin masu bauta iri-iri, ya zo ya zauna da ƴan bori a Maraɗi wata da watanni, shi bai hau ba, bai kuma tashi ya ba su wuri ba. In aka tambaye shi ko ya bar musulunci, sai ya ce bai bari ba. In aka ce to ashe musulmi ne, sai ya ce yana dai dubawa. Shi ke yawon, ni ke shan kunyar. Duk rijiyar da na je sai wata ta tambaye ni, da murmushin nan na mugunta, yau a wane addini yayana ya kwana. Na tsane shi a kan wannan, ba zan ɓoye ba.

Shekara biyu kafin babban fari, da faɗuwar damina, wani kamiyo, wato babbar motar kaya, daga Ɗan Issa ya sauke shi a bakin kasuwa. Lokacin mijina ya rasu, ina zaune ni kaɗai da sana'ata. Da ya yi sallama ban gane shi ba. Wuyansa ya tsinke, rigar ta yi masa yawa, idanu sun faɗa. Kafin ya gama gaisuwa tari ya sarƙe shi, ya dafe bango ya daɗe a duƙe.

Na ce, "Yaya, wanga tari tun yaushe?"

Ya ce, "Tun bara. Sanyin teku na, ki dama min kunu ya wuce."

Bai wuce ba. A satin farko kullum da safe tabarmarsa jiƙe take sharkaf da zufa, abinci loma biyu ya ture kwano. Ran kwana na shida na je wanki na tarar da tsumma a aljihun rigarsa, duk jini ya bushe a jiki.

Sati na biyu na masu shawara ne, kuma ba na yi wa kowa fatan irinsa. Baba Malam bai tako ba, ya dai aiko da rubutun sha a butali, wato kwalba, da saƙon cewa ciwon ridda ne, maganinsa tuba. Kawu Nomau ya taho daga wajen Gabi da jan zakara a hammata da ƙunshin saiwoyi, ya ce iskar gidan Inna ce ta yi fushi don tun da ta mutu ba wanda ya zubar mata da jini. Wani abokinsa ɗan mishan, Malam Yohanna, ya zo a keke, ya rufe ido ya yi doguwar addu'a har tuwona ya kama. Matan unguwa kuwa kowace da nata: zuma da man shanu, nonon raƙumi, hayaƙin wannan, jiƙon wancan, amma daga bakin ƙofa, da gefen zane a hanci. Shi kuma gogan ya sha rubutun, ya sha saiwar, ya ce amin ga addu'ar, ya gode wa kowa. Na ce masa ko a bakin mutuwa ba zai tsaya wuri guda ba? Ya ce duk wanda ya kawo, da zuciya ɗaya ya kawo. Jinin dai bai tsaya ba.

A sati na uku na sayar da akuya muka hau mota zuwa Maraɗi. Dala ashirin-ashirin aka karɓa, kuma sai da na yi cacar baki da direba don ya ce mai tari ya hau bisa kaya a baya, cikin yayyafi. Kwana uku muka yi a layin asibiti. Ranar farko takarda kawai muka samu, ta biyu aka ba shi ɗan gwangwani ya yi kaki a ciki, ta uku aka yi masa radiyo, wato hoton ƙirji. Layin nan ba na manta shi. Mutane zube a ƙasa cikin laka, wani na nishi, wata na goye da yaron da ba ya ko motsi, in ka tashi shan ruwa an cinye maka wuri. Likitan ba ya jin Hausa, wani ne ke juya mana magana. Ya ɗaga baƙin hoton ga taga, ya nuna wani wuri da ɗan yatsa, ya ce tarin fuka ne, ya ci gefe ɗaya, amma ana warkewa. Allura kullum har wata uku, ƙwaya shekara ɗaya da rabi. Sannan ya faɗi maganar da har yau take kunnena: "Kada a tsallake ko kwana ɗaya. Ciwon nan in aka sassauta masa, koyon maganin yake yi."

A hanyar dawowa na ce, "To mai yawon addini, ga wanda za ka zamna cikinshi shekara da rabi, ko ka so ko ka ƙi." Ya yi dariya har ya shaƙe.

Aka turo mu dispansar, ƙaramin asibitin garinmu. Majon da ke wurin, wato babban mai allura, mutumin Damagaram ne, baki gare shi kamar barkono, ba ya amsa gaisuwa sai ya ga dama. Amma Allah ya saka masa da alheri duk inda yake. Shi ya koya mini in ware wa Yaya kwano da moɗa, in riƙa ƙona tsummokaran tari, in fitar da tabarmarsa rana. Ba ya ba da ƙwaya a tafi da ita gida, don ya ce mutanenmu raba wa dangi suke yi kamar goro. Kullum da safe sai Yaya ya haɗiye a gabansa, sannan ya juya a soka masa allura. Kafin wata guda ɗuwawunsa ya yi tauri, ba ya zama sai a karkace, kunnuwansa na yi masa ƙara. Ni kuma ciniki ya mutu, don an ce kifin gidan mai tari ne. Matan da muka yi shekara goma muna hulɗa suka koma sayen na wata, suna wuce ni kamar ba su san ni ba. Ƙwai da nono da ɗan naman da majo ya ce a riƙa ba shi, da kuɗin tasoshin aurena na saye su, ɗaya bayan ɗaya.

Amma magani ya karɓe shi. A sati na shida da fara shi zufa ta ɗauke. A na takwas ya cinye malmalar tuwo biyu ya nemi ƙari, na shiga ɗaki na yi kuka don murna. Har ya fara taya ni jera kifi a kan waya.

Wata rana da hantsi, muna dawowa daga allura, ya ce mu huta a inuwa bakin tabki. Ruwa ya cika, masunta na can tsakiya. Ban san abin da ya tunzura ni ba, na ce, "Yaya, don Allah mi kake nema? Kowa ya iske addini gidan ubanshi ya zamna. Kai mi ya hana ka?"

Ya ce, "Inna nike nema."

Na ce, "Inna na gindin kanya."

"Na san inda na sa ta, ni na gina ramin. Inda ta tahi nike tambaya. Na tambayi malamina na Katsina, yac ce wuta, ko kai bai ɗaga daga allo ba. Shehin Kano yac ce in bar abin da ban da ilimi kai, in riƙe wuridina. Fasto ya daɗe shina kallon takalminshi, yac ce Allah mai ƙauna na, amma ƙohwa guda ta. Ƴan bori kuwa sunka ce in kawo baƙin bunsuru su tambayo min."

Ya yi ƴar dariya, sannan ya ce, "Kada ki ce raina su nike, Habsu. Ko'ina na je na iske abin da ya taɓa ni. Na yi kuka wurin wazifa, kuka na gaske. Na ga ƴan mishan na wanke gyambon kutare da hannunsu, abin da ni ban iyawa. Amma duk inda na ce bari in aje kayana, sai in tambaya, to matar da ta yi shekara ashirin tana dama ma masallaci kunu hwa? In babu wurinta a ɗakin, ni ma ban iya miƙe ƙahwa ciki."

Ban ba shi amsa mai daɗi ba. Na ce Inna ta mutu ta huta, ni ce da rai, ni ake yi wa dariya a rijiya. Muka tashi muka taho gida.

Azumin shekarar a kaka ya faɗo, ana tsakiyar cirar gyaɗa. Saura mako ɗaya a ga wata Baba Malam ya zo, karo na farko tun da aka fara jinyar. Bai shigo ba. Ya tsaya a bakin zaure da jelar rawani a hanci, ya ce in kira masa Illa. Na kira shi, na koma bayan zana ina ji.

Ya ce, "Illa, azumi ya matso. Bana a rumfar gehen zaurena za ka yi shi, gaban idon jama'a, daga ganin wata zuwa ganin wata. Ba allura, don allura karya azumi take. Ba ƙwayar nasara, rubutu ya ishe ka. In ka yi, kai ɗana na, ran da Allah ya yi ikonshi ni zan tsaya gaban gawarka. In ka ƙi, ka san abin da na yi ma uwarka, kuma ban yi nadama ba."

Yaya ya ce, "Baba, ai Allah ya ɗauke ma marar lahiya azumi. Kai da bakinka ka karantar da ni haka."

Baba Malam ya ce, "Musulmi ya ɗauke ma. Hwara nuna muna kai musulmi na, sannan ka nemi rangwame."

Ya juya ya tafi. Yaya ya dube ni ya ce allurar saura kwana talatin da ɗaya ta ƙare, ba inda za shi, in an kammala ya rama azumin ko wata biyu ne. Maganar hankali ya yi. Ni ce na ƙi ji.

Ga inda nake so mai karatu ya buɗe kunne. Ni na ji abin da likita ya faɗa, da kunnena na ji. Amma da Baba Malam ya ambaci Inna, sai na koma ƴar shekara tara a bayan danga. Ba abin da nake gani sai tabarma a naɗe da mutum biyu na ɗauke da ita, da unguwa tsit kamar ba a yi mutuwa ba. Kuma ga Yaya ya murmure, yana cin tuwo, yana dariya. Na ce a raina ai ya warke, wata ɗaya me zai yi masa? Kwana shida na yi ina cinsa da magana. Na yi kuka, na ƙi cin abinci, na daina amsa masa gaisuwa. Na ce ya ci tasoshina, ya kashe mini ciniki, abu ɗaya na roƙe shi a duniya ya hana ni. Na ce wallahi ba zan sake tsayawa bayan danga ina kallo a naɗe nawa a tabarma ba.

Ran kwana na shida ya ɗauki tabarmarsa da moɗarsa. Ya ce, "To Habsu. In wannan zai sa ki ɗaga kai a rijiya, na yi." Ya fita.

Kwana uku da fara azumi majo ya tare ni a kasuwa, ya ce ina mai tarinsa? Na dubi tsabar idonsa na ce ya tafi Ɗan Issa gaisuwar mutuwa, ya kusa dawowa. Kunya ce ta sa ni ƙarya, don na san in na faɗi gaskiya zai wanke ni tas a gaban mutane. Ya sake tambayata bayan kwana goma, na sake shirga masa wata, daga nan na daina bin hanyar dispansar.

Ni ke kai masa abinci rumfar, na buɗa baki da na sahur. Goman farko lafiya lau. Mutane na tururuwa kallonsa, ana cewa Illa ya dawo hanya, Baba Malam na zaunar da shi gaba-gaba wurin tafsiri kamar wani ragon da ya sayo. Matan rijiya suka fara gaishe ni da fara'a, har cinikina ya ɗan farfaɗo. Na ji daɗi, kada in yi ƙarya. A goman tsakiya tarin ya dawo, ya ce ƙaiƙayin gyaɗa ne, na yarda don ina son in yarda. A goman ƙarshe kwanon sahur ya fara dawowa da rabi. Wata rana da la'asar na je ɗaukar kwanuka, na ga bakin wani tsumma ya leƙo daga ƙarƙashin tabarmarsa, ja wur, ɗanye. Shi yana kwance ya ba ni baya. Saura kwana biyar salla. Na sa ƙafa na tura tsumman ciki, na ɗauki kwanukana na tafi.

Ranar salla ya je idi da farar riga, ana ta miƙa masa hannu. Kwana tara bayan nan, da safe, ya amayar da jini har ya rufe gindin tasa.

A jaki muka kai shi dispansar. Majo ya dube shi, ya dube ni, ya ce wace irin gaisuwar mutuwa ce ta kwana arba'in? Na faɗa masa gaskiya. Na zaci zagi zai yi, da ma zagin ya yi. Sai ya ajiye abin da ke hannunsa a hankali ya ce, "Baiwar Allah, ni ma azumin nan na yi shi. Gidana ga shi nan bayan dispansar. Da kin buɗe baki, da kullum bayan an sha ruwa na zo na yi masa allurarsa na ba shi ƙwayarsa. Wa zai ce azuminsa ya karye?" Kuma gaskiyarsa. Da an sha ruwa Baba Malam da mutanensa masallaci suke tafiya, rumfar ba kowa sai Yaya. Taku nawa ne tsakanin gidana da na majo? Kalma biyu ce ta gagare ni.

Na sayar da akuyar da ta rage muka koma Maraɗi, muka sake bin layin nan daga farko. Wannan karon likitan hotuna biyu ya ɗaga ga taga, tsoho da sabo. Ko ni da ban san komai ba na ga bambanci, don abin ya haye ɗaya gefen. Bai yi faɗa ba. Ya yi magana gajeriya, mai juyawa ya ce, "Ya ce ciwon ya koyi maganin." Aka ce a ci gaba da allurar ko Allah zai sa a dace. Muka ci gaba har sati bakwai, ba mu tsallake ko kwana ɗaya ba, yanzu da tsallakewar da rashinta duk ɗaya ne.

A satittikan nan na san mutane. Duk masu cewa Illa ya dawo hanya, ko ɗaya bai zo ya ɗauke mini tasar jini ba. Matan rijiya suka koma rufe hanci. Baba Malam ya aiko da butali biyu na rubutu da saƙon cewa ciwo kankarar zunubi ne. Kawu Nomau, wanda ba a ba shi hannu a masallaci, shi ke tahowa daga ƙauye da itace da damin gero, ya zauna ya yi ta matsa wa Yaya ƙafafu, bai ƙara ta da zancen zakara ba. Malam Yohanna ya kawo bargo da gwangwanayen madara, na gode masa har yau. Amma ran da na ji ya sunkuya yana cewa Yaya ya faɗi wasu kalmomi kafin lokaci ya ƙure, na ɗauki muciya na nuna masa ƙofa. Na gaji da masu zuwa farautar mutum a kan tabarmar ciwo.

Bayan babbar salla sanyi ya yi tsanani. Yaya ya koma ƙashi da fata, ni ke ɗaga shi, ni ke juya shi. Wata rana da hantsi na fito da shi rana, na jingina shi da bango. Ya kama hannuna, muryarsa ba ta fita sosai.

Ya ce, "Habsu, kin samu abin da kike so, za a yi min salla. Ban ƙi ba, ina so. Amma ni ma ki yi min guda."

Na ce, "Hwaɗi, Yaya."

"In an gama sallar, a kai ni gindin kanya. Ta daɗe ita kaɗai."

Na ce na yi alkawari. Bai ce mini komai a kan azumin ba, ko sau ɗaya, har ya bar duniya. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Bayan kwana biyu ya cika, da safe, rana ta ɗan ɗaga. Kalmar shahada da bakinsa ya yi ta, ba wanda ya matsa masa, ni kaɗai ce a wurin. Kawu Nomau na gidan, na faɗa masa wasiyyar, ya saɓi magirbi ya nufi gona haƙa kabari. Ni kuma da Baba Malam ya iso, na durƙusa daga bayan zana na ce, "Baba, ya bar wasiyya. Yac ce in an yi mishi salla a kai shi kusa da Inna."

Ya ce, "Zahin ciwo na. Mun sha wuya mun ceto shi, sannan mu ɗauka mu kai ma arna? Shiga ciki, wannan ba maganar mata ba ta."

Na ɗaga murya, na ce shi ya kashe shi, yanzu kuma gawar ma ba zai bar masa ba? Mata suka rufe ni, wata ta toshe mini baki, ana cewa in yi haƙuri, in ji tsoron Allah, zafin mutuwa ne. Suka ja ni ciki. A ƙasarmu mace ba ta bin makara, ko ta uwarta ce, ko ta ɗanta. Abin da na iya shi ne na ƙwace na je bayan danga na sa ido a ɓula. Jama'a ta cika layi maƙil, sahu a kan sahu, har da mutanen da ban taɓa gani ba. Duk abin da na yi kwana shida ina kuka a kansa, ga shi an ba ni. Suka ɗaga shi suka yi gabas da shi.

Kawu Nomau ya jira a gindin kanya har azahar. Da ya ga ba wanda ya zo, ya mayar da ƙasar cikin ramin shi kaɗai. Bai biyo ta gidana ba, ya wuce ƙauyensu, bai sake taka Madarumfa ba har ya mutu. Wurin yana nan gefen Inna, ya ɗan lotsa, in na je share ciyawa ina ganinsa.

Ranar sadakar bakwai ina jin Baba Malam daga zaure yana ba baƙi labarin yadda Allah ya shiryi Illa ta hannunsa, ana ta kabbara. Ya yi shekara takwas yana ba da labarin nan, duk azumi sai ya ƙara masa gishiri. Da ya rasu ban je gaisuwa ba, aka yi ta surutu, na ce a yi.

Ina sallata, ina azumina, ban bar addinina ba kuma ba zan bari ba. Allah bai ce marar lafiya ya kashe kansa ba, mutane ne suka ce. Tambayar Yaya kuwa har yau ban samu wanda ya amsa mini ita ba, na ma daina yi, don na ga yadda fuskar malamai ke canzawa. Abin da zan faɗa wa mai jinya kaɗan ne. In an ɗora majinyacinki a kan magani, kada ki bari kowa ya sauke shi, ko da rawaninsa ya kai girman kwando. In an matsa miki, ki je ki faɗa wa mai allura gaskiya, ya zage ki in ya ga dama, zagi ba ya tofar da jini. In kuma naki mai tambaye-tambaye ne, bai zauna inda kike so ya zauna ba, ki bar shi da ransa tukuna. Mai rai yana iya dawowa kowace shekara.

Mutane in sun ji labarin nan sukan ce Allah ya isa tsakanina da Baba Malam, ni ma na sha faɗa. Sai dai Baba Malam ko wuta bai iya hurawa ba. Sahur talatin ɗin nan, ni na dafa su, ni na kai.